Allura shida don ceton fatar baki: nazarin gwajin falifamin na 2004

A ɗakin dashen ɓargo, mako na biyu ne marasa lafiya da masu jinyarsu suka fi tsoro. A lokacin an riga an yi wa mutum gashi da na'ura a dukan jikinsa, an ɗura masa magungunan kansa masu ƙarfin gaske, an mayar masa da ƙwayoyin ɓargonsa ta jijiya, sauran jira kawai su kama. Cikin wannan jiran ne baki ke lalacewa. Da fari ja ne da ɗan raɗaɗi, kamar wanda ya kurɓi abu mai zafi. Kwana kaɗan sai cikin kumatu da gefen harshe da ƙarƙashinsa su farfashe, miki ya haɗe da miki, wani farin ɓawo mai danƙo ya lulluɓe su. Mutum ya kasa haɗiye ko da yawunsa, sai an ajiye masa na'urar zuƙa a gefen gado. Magana ta koma nuni da hannu. Idan aka tambayi waɗanda suka tsallake dashen wace wahala ce ta fi tsaya musu a rai, da yawansu ciwon bakin nan suke ambata, gaba da amai da zubewar gashin kai.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin abin da ba makawa sai an sha. A ba da mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, a ba da ruwan kurkure baki mai kashe zafi, a ciyar da mutum ta jijiya, a jira fata ta toho da kanta. Duk wannan ihu ne bayan hari, domin ranar da miki ya bayyana, ƙwayoyin da ya kamata su rufe wurin sun mutu tun kwanaki da suka wuce.

A watan Disamba na 2004 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani gwaji da Ricardo Spielberger, likita a cibiyar City of Hope da ke Kalifoniya, ya jagoranta. An gwada wani magani mai suna falifamin a kan mutum 212 masu kansar jini. Tambayar da gwajin ya yi ita ce: idan aka aika wa ƙwayoyin fatar baki saƙon girma tun kafin a kai musu farmaki, za su ƙi mutuwa? Wannan gwaji ne zan bi daga tushe, domin a cikinsa, da kuma abin da ya biyo bayansa, ana ganin ƙarfin sinadaran girma, wato furotin da jiki ke aika wa ƙwayoyinsa saƙon girma da su, da iyakarsu a fili.

Yadda fatar baki ke mutuwa

Fatar cikin baki hawa-hawa ce. Can ƙasa akwai layin ƙwayoyin halitta da ba sa daina rabuwa gida biyu. 'Ya'yansu na hawa sama a hankali, suna baje, har su kai saman da harshe ke taɓawa, su zube cikin yawu. A cikin kumatu wannan tafiya kan ɗauki kamar mako biyu. Saboda haka abin da muke gani idan mutum ya buɗe baki aikin makon jiya ne da na shekaranjiya. In aka kashe layin ƙasa yau, saman zai ci gaba da zubewa yadda ya saba, babu mai maye gurbinsa, fata ta yi ta sirancewa har ta huje. Dalilin ke nan da ya sa miki ke jinkirta fitowa, ya kuma fi kama wurare masu laushi: cikin kumatu, cikin leɓe, ƙarƙashin harshe, da ɓangaren ganɗa na baya. Dasashi da ganɗar gaba da saman harshe, da yake fatarsu na da kauri da tauri, sukan tsira.

Mutuwar da ke aukuwa a wannan layi ba irin ta ƙuna ko ta rauni ba ce, inda ƙwaya ke kumbura ta fashe. Mafi yawanta mutuwa ce mai tsari wadda ƙwayar ke zartarwa a kan kanta. A 1972 John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie suka bayyana siffarta suka raɗa mata suna afoftosis. Yadda take tafiya shi ne: gashi ko maganin kansa ya tsinka zaren DNA. Wani furotin mai suna p53, wanda aikinsa gadin wannan zare, ya tsayar da rabuwar ƙwaya don a yi gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, shi ɗin dai zai tayar da wasu furotin, irin su Bax, su je su huda bangon maitokwandiriya, wato murhun da ƙwaya ke samun kuzari daga gare shi. Abin da ya tsiyayo daga wannan huji shi ke farkar da kasfes, wasu furotin masu aikin almakashi, su daddatsa kayan cikin ƙwayar. Ta tsuke, ta gutsuttsura, maƙwabta su haɗiye gutsattsarin. Akwai kuma wani furotin, Bcl-2, da ke riƙe Bax don kada ya yi hujin. Rayuwar ƙwaya ko mutuwarta na rataye ne a kan wanda ya rinjayi wani tsakanin waɗannan biyu.

Da a nan abin ya tsaya, da lissafi mai sauƙi ne: gwargwadon gashi, gwargwadon mutuwa. Stephen Sonis na Jami'ar Harvard, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan ciwo, ya nuna cewa ba haka yake ba, kuma a 2004 ya tsara bayaninsa cikin matakai biyar. Abin da ya fi muhimmanci a bayanin shi ne ɓarnar na haifar da kanta. Idan gashi ya bugi ruwan da ke cikin nama, yakan fitar da wasu nau'o'in oksijin masu ƙona duk abin da suka taɓa, bari mu kira su tartsatsin oksijin. Wannan tartsatsi na kunna wani makunni a cikin ƙwaya, NF-κB, shi kuma ya sa a fitar da sinadaran kumburi irin su TNF da IL-1 da IL-6. TNF na iya umartar ƙwaya ta mutu ta wata ƙofa daban a bangonta, yana kuma sake kunna makunnin da ya haife shi. A gefe guda, wani kitse da ke bangon ƙwaya na rikiɗa ya zama seramaid, wanda shi ma saƙon mutuwa ne. Kuma ba fata kaɗai ake kashewa ba. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jini, da ƙwayoyin fiburobilas masu saƙa naman da fata ke zaune a kai, sukan fara mutuwa tun baki na nan da kyan gani.

Da zarar miki ya buɗe, bakteriyar da ke zaune a baki su cika shi, abin da suke fitarwa ya ƙara hura kumburin. Ga mai dashen ɓargo wannan ya wuce batun ciwo. A daidai wannan mako fararen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa har kusan babu, ga kuma ƙofa a buɗe daga baki zuwa jini. Wasu nau'o'in sitireftokokas na baki sukan bi ta nan su shiga jini.

Saƙon da ake kira KGF

A 1992 Martin Raff, masanin halitta a Landan, ya kawo wani ra'ayi da ya sauya yadda ake kallon wannan fanni: cewa ƙwayoyin jikin dabba a shirye suke su kashe kansu, abin da ke hana su shi ne saƙon "zauna da rai" da suke samu daga maƙwabta a kai a kai. Sinadaran girma na cikin manyan masu ɗauke da wannan saƙo. Sunansu na sa a zaci yawaita ƙwaya kawai suke yi, alhali rabin aikinsu hana ta mutuwa ne.

Baki ma na da tarihi a wannan labari. Sinadarin girman fata da ake kira EGF, Stanley Cohen a cikin ƙullin da ke samar da yawu na ɓera ya gano shi a farkon shekarun 1960, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini. Yawun ɗan Adam ma na ɗauke da shi, kuma yana cikin dalilan da ake kawowa na saurin warkewar ciwo a baki idan aka gwada da na fatar waje.

Amma wanda ya shafi lamarinmu wani ne daban. A 1989 Jeffrey Rubin da Stuart Aaronson da abokan aikinsu a Cibiyar Binciken Kansa ta Ƙasa a Amurka suka tace wani furotin daga ƙwayoyin fiburobilas, suka ga yana sa ƙwayoyin fata rabuwa amma ba ya taɓa waɗanda suka samar da shi. Suka kira shi KGF. A cikin danginsa shi ne FGF-7. Tsarinsa na da ban sha'awa: naman ƙarƙashi ne ke yin sa, fatar sama ce ke da makarɓinsa, wanda ake kira FGFR2b. Magana ce mai tafiya ta hanya ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Bayan shekara uku Sabine Werner ta nuna cewa idan aka ji wa fatar ɓera rauni, samar da KGF a wurin na ninkawa fiye da sau 100 cikin yini guda. Ke nan jiki da kansa da wannan saƙo yake kiran gyara. Sai a tuna abin da aka faɗa a sama, cewa gashi na kashe fiburobilas da wuri. Wato a lokacin da fata ta fi bukatar saƙon, masu aiko shi na cikin waɗanda aka fara kashewa.

Akwai wani abu kuma da ya sa KGF ya dace da masu kansar jini musamman: ƙwayoyin jini da na ɓargo ba sa ɗauke da wannan makarɓi. Za a iya yi wa fata magana ba tare da kansar ta ji ba.

Idan KGF ya zauna a kan makarɓinsa, abubuwa da dama na faruwa a lokaci guda. Layin ƙasa ya ƙara saurin rabuwa, fata ta yi kauri, ta samu jarin da za ta ci kafin ta huje. A cikin ƙwaya kuma wata hanya mai bi ta furotin Akt ta kunnu, ta karkatar da ma'auni zuwa ɓangaren Bcl-2, ya zama ƙwayar da ta ɗan ji rauni ta samu lokacin gyara maimakon ta zartar wa kanta hukunci. Sannan ya tayar da Nrf2, wanda ke sa a ƙera furotin masu kashe tartsatsin oksijin kafin ya yi nisa. A ganina wannan na uku ne aka fi raina wa daraja, domin yana tare ɓarnar ne tun daga tushe, kafin makunnin kumburi ya kama. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye, ciki har da na Wolfgang Dörr a birnin Diresdin na Jamus wanda ya riƙa gasa ƙarƙashin harshensu, sun nuna cewa dabbar da aka ba KGF na jure gashi mai yawa kafin miki ya fito.

Kamfanin Amgen ne ya mai da shi magani. Aka yanke amino asid 23, wato tubalan da ake gina furotin da su, na farkon furotin ɗin don ya ƙara jure ajiya, aka bar 140, aka sa bakteriyar E. coli ta riƙa ƙera shi. Wannan shi ne falifamin, wanda aka fitar kasuwa da sunan Kepivance.

Gwajin da sakamakonsa

Mutanen da aka ɗauka masu limfoma ne da lukimiya da mayeloma, wato nau'o'in kansar jini, dukansu za a dasa musu ƙwayoyin ɓargon jikinsu da aka ɗiba aka ajiye. Shirin da aka yi musu kafin dashe na cikin mafi tsanani da ake da su: gashin jiki gaba ɗaya har gire 12 (gire shi ne ma'aunin yawan gashin) a rarrabe cikin 'yan kwanaki, sai maganin etofosaid, sai saikulofosfamaid. An zaɓi wannan shiri da gangan, domin kusan duk wanda ya bi ta cikinsa bakinsa na lalacewa.

An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 106 a kowane gida. Gida ɗaya aka yi musu allurar falifamin ta jijiya, maikurogiram 60 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ɗaya gidan aka yi musu allurar da babu magani a cikinta. Mara lafiya bai san wadda aka yi masa ba, mai duba bakinsa ma haka. Allura uku a kwana uku a jere kafin a fara gashi, sai wasu uku bayan an mayar da ƙwayoyin ɓargo. Ga mutum mai kilo 70, kowace allura miligiram 4.2 ce kacal, kuma rabinta na barin jini cikin kamar awa huɗu da rabi. Maganin ba ya zama a jiki ya yi gadi. Yana isar da saƙo ne ya wuce, ƙwayoyin su ci gaba da aiki da shi kwanaki bayan babu ɗigonsa a jini.

An riƙa duba bakinsu da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke da matakai daga 0 zuwa 4. Ina son wannan ma'auni saboda tambayarsa ta rayuwa ce: a mataki na 2 akwai miki amma mutum na cin abinci mai tauri, a na 3 sai ruwa-ruwa, a na 4 babu abin da ke wucewa ta baki.

A gidan da ba a ba magani ba, mutum 104 cikin 106 sun kai mataki na 3 ko na 4, wato kashi 98 cikin 100. A gidan falifamin mutum 67 ne, kashi 63. Mataki na 4 kuwa ya sauko daga kashi 62 zuwa kashi 20. Ko a cikin waɗanda ciwon ya kama da tsanani, tsawon kwanakinsa ya ragu daga tara zuwa shida a matsakaici. Yawan maganin kashe zafi da aka yi amfani da shi, idan aka auna da mofin, ya sauko daga miligiram 535 zuwa 212. Waɗanda sai da aka ciyar ta jijiya sun ragu daga kashi 55 zuwa 31. Zazzaɓin da ke zuwa lokacin ƙarancin fararen ƙwayoyin jini ya ragu daga kashi 92 zuwa 75. Su ma marasa lafiyan, da aka riƙa tambayarsu kullum yadda suke jin baki da maƙogwaro, amsarsu ta dace da abin da likitoci suka gani.

Illolin da aka samu su ma shaida ne a kan yadda maganin ke aiki: ƙuraje da jan fata da ƙaiƙayi, jin kamar harshe ya yi kauri, farin saƙa a kansa, canjin ɗanɗano, da hawan wasu sinadarai biyu na narkar da abinci a jini na ɗan lokaci. Duk inda akwai makarɓin, saƙon ya isa. Mafi yawan waɗannan sun wuce da kansu.

Abu biyu ne ya kamata mai karatu ya riƙe a zuciya. Na farko, kamfanin da ya ƙera maganin ne ya ɗauki nauyin gwajin. Na biyu, harshen da ya yi kauri ya yi fari abu ne da mai duba baki zai iya gani, don haka ɓoye wanda aka ba magani bai cika ɗari bisa ɗari ba. Duk da haka, ban ga yadda zato kaɗai zai rage mutum 66 da ba sa iya haɗiye komai zuwa 21 ba. A tsakiyar watan Disamba na 2004 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da maganin, ya zama na farko da aka amince da shi don wannan ciwo. Tarayyar Turai ta bi baya a 2005.

Kada kuma a manta da kashi 63 ɗin nan. Kusan biyu cikin kowane uku da suka sha maganin sun kai ga kasa cin abinci mai tauri. Ƙwayar da aka ragargaza DNA ɗinta gaba ɗaya babu saƙon da zai cece ta, kuma bai kamata a cece ta ba. Waɗanda maganin ke ƙwatowa su ne na kan iyaka.

Batun lokaci

A takardar maganin akwai gargaɗi da ke ba wanda ya fara karanta shi mamaki. An hana yin allurar cikin awa 24 kafin maganin kansa, ko lokacin da ake ba da shi, ko cikin awa 24 bayansa, domin yin haka ya ƙara tsananin ciwon baki da tsawonsa. Maganin hana miki na iya ƙara miki.

Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin magungunan kansa sun fi kashe ƙwayar da ke tsakiyar rabuwa, lokacin da ta warware zaren DNA tana kwafarsa. Idan aka tura ƙwayoyin layin ƙasa su shiga rabuwa a daidai sa'ar da guba ke zagaya jini, an kora su ne bakin wuta. Idan kuwa an tura su kwanaki kafin nan, sun gama rabuwar, fata ta yi kauri, furotin masu kariya sun taru, kafin gubar ta iso. Shi ya sa ake son allura ta uku ta kasance awa 24 zuwa 48 kafin a fara shirin.

Wannan darasi ya girmi falifamin. A farkon shekarun 1990 Sonis ya gwada EGF a kan hamsta, wata 'yar dabba dangin ɓera mai jaka a kumatu, wadda aka ba maganin kansa na 5-FU. Ciwon bakin ya ƙaru. Daga nan aka juya tunani: to me zai hana a kwantar da ƙwayoyin su daina rabuwa har guba ta wuce? Aka gwada TGF-β3, wanda shi sinadari ne mai rage rabuwar ƙwayoyin fata, kuma a jikin hamsta ya rage ciwon. Da aka kai shi ga mutane a matsayin ruwan kurkure baki, bai nuna amfani ba. Abin lura dai shi ne sinadarai biyu masu aiki kishiyar juna, KGF mai tayarwa da TGF-β3 mai kwantarwa, kowanne na iya kare fata a dabba, matuƙar an ba da shi a sa'ar da ta dace da shi.

Inda nasarar ta tsaya

Bayan 2004 an yi tsammanin falifamin zai bazu zuwa duk inda ake fama da ciwon baki. Bai bazu ba.

Mafi yawan masu mayeloma ba a yi musu gashin jiki gaba ɗaya. Magani ɗaya ake ba su mai yawa, melfalan, miligiram 200 ga kowane murabba'in mita na faɗin jiki. Nicole Blijlevens ta Holan ta jagoranci gwaji a kan mutum 281 irin waɗannan, aka buga shi a 2013. Ciwon baki mai tsanani ya kama kashi 37 na waɗanda ba a ba magani ba, da kashi 38 na waɗanda aka yi wa allura kafin melfalan da bayansa, da kashi 24 na waɗanda aka yi wa kafin kawai. Ko wannan na ƙarshen, tazararsa ba ta kai yadda za a kore sa'a daga cikinta ba. Abin da ya ja hankalina shi ne allura shida ba su yi komai ba, uku kuwa sun nuna alamar wani abu. A shirin melfalan kwanaki kaɗan ne tsakanin allurar gaba da ta baya, ba kamar shirin gashi da ke da fiye da mako ba. Daga baya an gyara takardar maganin: ba a ba da shawarar amfani da shi tare da wannan shiri na melfalan ba, kuma aka ce a bar aƙalla kwana bakwai tsakanin kashi na farko na allurar da na biyu.

Sai masu kansar kai da wuya, waɗanda wannan ciwo ke yawan kamawa, tunda ana gasa bakin nasu kai tsaye tsawon mako shida ko bakwai. Gwaji biyu da aka buga a 2011, ana yin allurar mako-mako, sun nuna raguwa a abin da likita ya gani: daga kashi 69 zuwa 54 a ɗaya, daga 67 zuwa 51 a ɗayan. Amma da aka tambayi marasa lafiyan zafin da suke ji, babu bambanci na a zo a gani. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin a gwajin 2004 ido da bakin mai ciwo sun yi magana ɗaya, a nan kuwa sun rabu. Ragin da mai ciwo bai ji a jikinsa ba, da wuya a kira shi sauƙi.

A wannan rukuni akwai wata fargaba da babu ita a kansar jini. Kansar baki da maƙogwaro daga ƙwayoyin fatar nan ta samo asali, kuma tana iya ɗaukar makarɓin FGFR2b. A ɗakin bincike an ga falifamin na ƙara girman wasu ƙwayoyin kansa na fata. Saƙon da ke hana ƙwayar lafiya mutuwa zai iya hana ta kansa, alhali mutuwarta ake nema da gashin. Haka lamarin EGF yake, ko ma ya fi: mafi yawan kansar kai da wuya cike take da makarɓinsa, har akwai magani, setuksimab, da aka ƙera don toshe wannan makarɓi, kuma ciwon baki da ƙuraje na cikin illolinsa. A gwaje-gwajen biyu na 2011 ba a ga falifamin ya rage tsawon rai ba, haka ma bin diddigin masu kansar jini na shekaru bai nuna ya ƙara dawowar cuta ba. Duk da haka ba a amince da shi ga masu kansar da ba ta jini ba.

'Yan'uwansa ba su kai ko inda ya kai ba. Refifamin, wanda aka yi daga FGF-10, da belafamin daga FGF-20, an dakatar da su tun a matakin gwaji. Ruwan kurkure baki mai ɗauke da GM-CSF, sinadarin da ke tayar da fararen ƙwayoyin jini, ƙungiyar MASCC/ISOO mai fitar da ƙa'idojin kula da wannan ciwo ta ce kada a yi amfani da shi ga masu dashen ɓargo.

Falifamin kansa ya tashi daga hannun Amgen zuwa kamfanin Biovitrum na Suwidin a 2008, kuma a 2016 aka janye izinin sayar da shi a Tarayyar Turai bisa buƙatar kamfanin, don dalilan kasuwanci. Yana da tsada, kuma dashen da ake haɗawa da gashin jiki gaba ɗaya ya ragu. A ƙa'idojin MASCC/ISOO da aka sabunta a 2020, har yanzu ana ba da shawarar amfani da shi, amma ga rukunin da Spielberger ya gwada kawai: mai kansar jini, da za a dasa wa ɓargon jikinsa, bayan magani mai ƙarfi haɗe da gashin jiki gaba ɗaya.

Masu melfalan kuwa, abin da ƙa'idojin suka ce a ba su ƙanƙara ce. Mara lafiya ya riƙa juya gutsattsarinta a baki tun kafin a fara ɗura maganin har zuwa bayan an gama. Sanyi na tsuke ƙananan jijiyoyin jini, gubar da ke isa layin ƙasa ta ragu, kuma da yake melfalan ba ya daɗewa a jini, kafin baki ya ɗumama mafi yawansa ya wuce. Haka ake yi wa masu karɓar 5-FU a allura guda, tsawon minti 30.